Akwatin da ke Ɗakin Baƙi

Perth, Ostireliya, 26 ga Maris, 2007

Gwaggo Nuala,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da kajinki da ƙugun nan naki da ba ya shiri da sanyi. Mu nan sai godiyar Allah. Yara suna makaranta, maigidana Owen yana wurin aikinsa, ni kuma na rage kwanakin aikina a asibiti saboda jikin Baba.

Bayan gaisuwa, gara in faɗa miki gaskiya a rubuce, tun da a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye a watan Janairu, bakinsa bai dawo ba. Yana ji, yana ganewa, har dariya yana yi da rabin baki, amma kalma ko ɗaya ba ta fita. Ranar da kika kira na kara masa wayar a kunne, kina ta cewa, “Malachy, kana ji na?” shi kuma yana ta gyaɗa kai. Ke ba ki ga gyaɗa kan ba, kika ce layin ne ba kyau, kika ajiye. Ya daɗe yana kallon wayar.

Likita ya ce zuciyarsa ma ta yi rauni, maganar hawa jirgi ba ta taso ba. Da na tambaye shi ko za mu samu shekara guda, sai ya hau gyara takardun gabansa. Ke kuma na san ko da igiya aka ja ki ba za ki shiga jirgi ba. Shekara talatin da uku ke nan rabonku da ganin juna, tun jana'izar mahaifinku. Ina so ku ga juna, Gwaggo, tun yana gane mutane.

Saboda haka na aiko miki da kwamfuta, irin wadda ake ninkewa a ɗora a cinya, da ɗan ido a samanta wanda zai nuna mana fuskarki. Na kuma yi magana da wani kamfani a Letterkenny, za su turo mutum ya haɗa miki intanet ta layin tarhonki. Zai zo da wani ɗan akwati, shi zai riƙa aika saƙo ta iska zuwa kwamfutar, babu wata igiya da za ki yi tuntuɓe da ita. Ki zauna a kicin kusa da murhunki, ki buɗe ta, ki danna sunan Baba, shi ke nan. Kowace Lahadi, ƙarfe tara na safe naku, huɗu na yamma namu, kafin ki tafi coci.

Da na faɗa masa, sai ya shafa haɓarsa, ya nuna mini inda reza take.

'Yarki,
Dervla

Ardara, 16 ga Afrilu

Dervla 'yar albarka,

Takardarki ta iso, kayan ma sun iso. Lafiyata lau, ban da ƙugun da kika sa wa ido. Yau kwana tara ruwa bai ɗauke ba, dila kuma ya ɗauke mini kaza biyu, masu ƙwai ya zaɓa, ɗan banza. Ki gaida Owen da yara. Ki gaida babanki.

Mutumin naki ya zo ranar Alhamis. McGlynn sunansa, wani ƙato mai jiƙaƙƙen takalmi. Yana shigowa ya ce ina ainihin ramin bangon da ake soka igiyar tarho yake. To, lokacin da aka sa mana tarho, marigayi mijina Fintan ya ce a ɗakin baƙi za a sa ramin, don abin daraja ne. Wanda ke kicin reshe ne kawai. Ɗakin nan kuwa ba na buɗe shi sai in Fada, limamin cocinmu, ya zo, ko ranar Kirsimeti. A nan aka shimfiɗe Inna mutanen gari suka zo suka yi mata bankwana, a nan aka shimfiɗe Fintan.

Na ce masa, “Bawan Allah, nan fa ba wurin ajiye akwati ba ne.”

Ya ce, “Misis Breslin, ba ni na zaɓa ba, layi ne ya zaɓa. In na kai shi kicin sai dai ya yi miki ado.”

Na ce, “A kan teburin Inna kuma?”

Ya ce, “Ki shimfiɗa masa ƙyalle in kina so. Ba ya cizo.”

Na shimfiɗa masa kuwa. Wani abu ne fari mai ƙaho biyu da fitilu huɗu. McGlynn ya rubuta mini lambar sirri da manyan baƙaƙe, ya ɗauki kwamfutar muka koma kicin, ya daddanna, sai ga ta ta kama. Ya ce in tambaye ta abin da nake so. Na rasa abin tambaya, shi ya tambaye ta yanayin gobe, ta ce ruwa za a yi. Na ce wannan ai kajina ma sun sani. Ya ci burodina yanka uku da man shanu ya tafi.

Jiya Lahadi tun ƙarfe shida na tashi. Na gyara gashina, na sa rigar sanyina shuɗiya ta zuwa coci. Duk abin da ya rubuta mini na bi, ban tsallake layi ba. Kwamfutar ta ce ba a haɗe take ba. Na rufe na buɗe, ta sake faɗa. Ina nan zaune har goma da kwata, shayina ya huce, na tafi coci ban ji ko kalma ɗaya daga huɗubar Fada ba.

An ce zumunta a ƙafa take, ku kun mai da ita akwati. Zan sake gwadawa, amma ki ce wa babanki kada ya wahalar da kansa da jira na. Wanda ya yi shekara talatin da uku bai ga fuskar nan ba, ai ba abin da ya rasa.

Gwaggonki,
Nuala

Perth, 30 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina fatan kina lafiya. Mu da sauƙi, sai dai Baba ya fara tari, ana ba shi magani.

Lahadi uku ke nan. Tun ƙarfe uku nake yi masa aski, in sa masa farar riga, Owen ya ɗauke shi ya ɗora a kujera gaban kwamfuta. Sunanki yana nan a jikin allon, dishi-dishi, alamar ba kya nan. Lahadin farko har shida muka kai. Ta biyu ya ƙi cin abinci. Jiya da biyar ta yi, ya miƙa hannunsa mai lafiya ya rufe kwamfutar da kansa, ya juya fuska bango.

Na kira kamfanin har sun gane muryata. Sau biyu McGlynn ya sake zuwa gidanki, kuma duk sau biyun ya ce komai yana aiki. Ya ce daga teburin kicin ɗinki ya kira ofishinsu, ya ga fuskar abokin aikinsa tangaran, kina tsaye a bayansa. Da na kira ki, cewa kika yi, “Lafiya lau, lafiya lau, kada ki ƙarar da kuɗinki,” kika ajiye.

Layin ƙarshe na takardarki ban karanta masa ba. Ni kaɗai na karanta, ya fi sau goma. Na san abin da ke tsakaninku. Na san ya tafi ya bar miki Kaka a kwance, na san bai zo jana'izarta ba. Ban ce ba ki da gaskiya ba. Amma abin da ke aiki a gaban McGlynn ya ƙi aiki a gaban Baba, me kike so in ɗauka? In ba kya son ganinsa, ki faɗa mini kai tsaye, in daina yi masa askin Lahadi. Ba zan iya ci gaba da ce masa laifin layi ne ba. Bakinsa ne ya tafi, hankalinsa yana nan.

Dervla

Ardara, 9 ga Mayu

Dervla,

Lafiyata lau, tun da kin tambaya a rabin layi.

Na karanta takardarki a tsaye a bakin ƙofa. Ashe a idonki ni maƙaryaciya ce. Shekarata saba'in da shida, kuma 'yar ƙanena ce za ta koya mini yadda ake faɗin gaskiya.

Tun da kin tono, bari in ƙarasa miki. Shekara tara ina juya Inna a gado, ina wanke ta, ina ba ta abinci da cokali. Da ta rasu babanki furanni ya aiko, da kati mai hoton tattabara. Ban manta ba, ba kuma zan yi miki ƙaryar na manta ba. Amma ni na riƙe hannunsa ranar da ya fara zuwa makaranta, ni na ɗinke masa kuɗi a cikin kwat ranar da zai tafi. Ɗan'uwa rabin jiki ne. Daga ni sai shi muka rage a cikin waɗanda suka san gidan nan tun ana kunna fitilar kananzir. Abin da na rubuta kuwa, fuskata nake nufi, 'yar nan. Ta yamutse, haƙoran ma na aro ne. Wasa na yi, ke kika ɗauke shi kika kai kotu.

Lahadi uku kika ƙirga. Ni kullum nake gwadawa. Litinin ma, Talata ma, ko da zan dace ya kama in san ba ni ce na haukace ba. Gidan nan shiru ne, Dervla, shirun da ba ki sani ba. Akwai ranar da tun safe har rana ta faɗi ba wanda na yi wa magana sai kaji. Sai ga shi an kawo mini abu an ce Malachy yana ciki, in zauna gabansa, fuskar da nake gani a baƙin gilashin tawa ce. Kafin ya zo ban san kaɗaicin ya kai haka ba.

To ga abin da nake yi, ɗaya bayan ɗaya, ki nuna mini inda ƙaryar take. Tara saura kwata nakan ɗauki mabuɗi in buɗe ɗakin baƙi. In kunna makunnin soket. In tsaya in jira fitilun nan huɗu su yi kore, har sai ta ƙarshe ta daina ƙiftawa, yadda McGlynn ya ce. In ƙara masa minti biyar daga wurina don ya cika sosai. Sannan in kashe soket ɗin kamar yadda duk mai hankali yake yi in zai bar ɗaki, in kulle ƙofa, in zo kicin, in buɗe kwamfuta, in sa lambar sirri, in danna sunan Malachy. Ta ce ba a haɗe take ba. In McGlynn zai zo, ni nake shiga in kunna masa tun kafin motarsa ta tsaya, don kada ya ce na ɓata masa lokaci, sai abin ya yi ladabi a gabansa. Munafukin akwati ne, shi ke nan.

Kada ki kira ni a waya, ba zan ɗauka ba. In kina da magana ki rubuta, ki kuma karanta kafin ki liƙe ambulan.

Nuala Breslin

Perth, 17 ga Mayu
Ta faks ɗin kantin Misis Boyle, a kai wa Nuala Breslin hannu da hannu

Gwaggo, ina gaishe ki, ki yafe mini, ni ce ban kyauta ba. Sau bakwai na kira yau ba ki ɗauka ba, takarda kuma sai ta yi mako guda.

Kashe shi kike yi, Gwaggo! Akwatin nan ba tulu ba ne da za a cika a rufe. Ba ya ajiye komai. Muddin kina gaban kwamfuta dole shi ma yana kunne, kina kashe soket layin ya yanke. Ki kunna, ki bar shi, ki tafi kicin.

Ya kamata in gane tuntuni, don a gidan babana na tashi. Shekarar da muka sayi firjin ƙanƙara muka tafi hutun mako biyu, shi ya fita ƙarshe, ya bi soket ɗaya-ɗaya ya kashe. Rabin rago muka binne a bayan gida. Na karanta masa takardarki, tun daga kati mai tattabara har ƙarshe, ban ɓoye komai ba. Ya yi kuka a farko. Da na zo kan soket ya hau dukan katifa yana dariya har tari ya sarƙe shi.

Tarin ya sauka ƙirji. Yanzu ba ya iya zama a kujera, likita ne ke zuwa gida. Lahadin nan, Gwaggo, don Allah.

Misis Boyle, tun da kin riga kin karanta, ki taimaka ki kai mata yau.

Dervla

Ardara, 21 ga Mayu

Dervla 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida Owen da yaran da na gani jiya suna ture juna. Ƙaramar ta ɗauko hancin gidanmu, Allah ya ba ta haƙuri. Ni lafiya, ƙugu ma ya yi sauƙi, rana ta fito. Za ki ce me ya sa nake rubutu bayan ga akwati. Akwai maganar da ba zan iya yi babanki yana kallo na ba.

Ke kin ga naku ɓangaren, bari in ba ki nawa. Ranar Alhamis Philomena Boyle ta rufe kanti da rana tsaka, abin da ba ta yi ba ko ranar da ta haihu, ta hawo tudu tana haki da takarda a hannu.

Ta ce, “Nuala, ni fa ban karanta ba. Amma ki daina kashe shi.”

Na ce, “Philomena, ke a gidanki kina fita ki bar abu a kunne?”

Ta ce, “Allah ya kiyaye! Ni ko talabijin sai na zare shi. Amma ni ba ni da ƙane a Ostireliya.”

Ta sha shayi kofi biyu, kafin yamma gari duk ya ji.

Ba za ki gane ba, ke da kika tashi kika tarar da lantarki. Ina da shekara ashirin da shida aka kawo mana shi. A wannan hunturun wani gida a ƙetaren kogi ya ƙone, aka ce dutsen guga aka bari. Tun daga nan Inna ta kafa doka: lantarki kamar kyandir ne, ba a fita a bar shi shi kaɗai. Shekara hamsin hannuna yana yi ba tare da ya tambaye ni ba. Ranar Asabar na gwada yadda kika ce. Na kunna, na ja ƙofa, na zo kicin na zauna. Kwamfutar ta kama, na gani da idona. Amma zama ya gagare ni, hancina sai jiyo ƙauri yake. Minti huɗu na yi na koma na kashe. Hali zanen dutse.

Sai na ce, to, tun da ba zan iya barinsa shi kaɗai ba, ni zan je in zauna da shi. Na share murhun ɗakin baƙi, na ciro sheƙar hankaka daga bututun hayaƙi, na hura wuta. Na jawo kujerar Fintan daga kicin, da ƙyar, ina ja ina hutawa. Kin kashe kuɗi don in rabu da igiya in zauna inda nake so, ga ni zaune gwiwata tana taɓa akwatin. Kada McGlynn ya ji.

Jiya Lahadi da hoton ya fito, na ɗauka mahaifinmu ne a gadon. Wallahi sai da na kama hannun kujera. Ni Malachy mai baƙin gashi nake jira, wanda ya sa kwat ya tsaya a bakin kabari. Maganar da na yi wata biyu ina shiryawa ta gudu, shi ya sa kika ji na ce, “Malachy Gildea, wa ya yi maka wannan mugun askin?” Shi kuma ya nuna ki, maci amana.

Da kika fita ɗauko masa ruwa, ba ki ga abin da ya faru ba. Idonsa ya bar fuskata ya koma bayana. Ya ga agogon bango, ya ga tagar, ya gane ɗakin. Ya ɗaga hannu yana nunawa, bakinsa yana rawa. Na san abin da yake tambaya.

Na ce, “E, nan ne. A ƙarƙashin tagar aka shimfiɗe ta.”

Hawaye suka zubo masa, ta ido ɗaya ma sun fi yawa.

Na ce, “Sau biyu ta tambaye ka a makon ƙarshe. Na ce mata kana hanya, jirgi ne ya yi latti. Ta ce in ajiye maka dankali a kan murhu. Da wannan ta tafi, Malachy, ba ta san komai ba. Ni kaɗai na sani, ni kuma na gaji da riƙewa. Share fuskarka, 'yarka tana zuwa.”

Ya share da bakin zanin gado. Shi ya sa kika tarar da mu shiru kika ce ko layin ne ya sake yankewa.

Sauran kin gani. Na riƙa ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya sayar da gona, har barci ya ɗauke shi ina tsakiyar maganar 'yan gidan Cannon. Kika leƙo kika ce, “Gwaggo, ya yi barci, bari in kashe, sai Lahadi.” Na ce to. Ba to ɗin nake nufi ba. Hoton yana ɗaukewa shirun ya dawo, ya tarar da ni zaune a ɗakin da aka fitar da mutum biyu. Ban je coci ba.

Ga roƙona, kuma kin san ban iya roƙo ba. Kin ce yakan yi barcin rana daga biyu zuwa huɗu. Na lissafa, bakwai zuwa tara ke nan a nan, lokacin da nake karyawa. Kada mu jira Lahadi, ba mu san nawa suka rage ba. Kullum ki kunna mini, ki juya kwamfutar ta kalli gadon, ki tafi sabgarki. Ba sai ya farka ba, ba zan tashe shi ba, zan sha shayina ne kawai. Shekara goma sha ɗaya ke nan ban ji numfashin wani mutum a gidan nan yana barci ba.

Gwaggonki,
Nuala